Ni Bahaushen Jos ne kuma Plateau United nake yi, to sai me?

Shekaranjiya da daddare muna zaune wajen mai shayinmu nan Bauchi Road, sanyin Jos ya sauko kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi, ana ta musun Arsenal da Man United yadda aka saba kullum, sai na ce ni dai ranar Lahadi kar a neme ni, ina sitadiyam na Zaria Road, Plateau United na da wasa a gida. Wani ƙanin abokina, yaro ne da bai wuce shekara 19 ba, ya ajiye kofinsa ya ce "Yaya, wai da gaske Plateau United kake yi? Ai ba namu ba ne. In ma lig ɗin gida za ka bi ai gara ka yi Kano Pillars." Aka yi dariya aka koma kan musu, amma ni maganar nan ta kwana tana cina a rai, ba namu ba ne, wallahi har na kwanta ina juya ta.

Ban ji haushin yaron ba, ai ba shi ya ƙirƙiro ta ba, a bakin manya ya ji. Kuma na san akwai irinsa da yawa a Gangare da Angwan Rogo da Rikkos da Dilimi, an haife su a Jos, an yanke cibiyarsu a Jos, iyayensu da kakanninsu a nan aka binne su, amma in ka ce kulob ɗin garin nan sai su ɗauke kai kamar ka ambaci na wata ƙasa. Ni kuma abin da nake son faɗa ke nan, kulob ɗin ƙwallo na gari ne, ba na ƙabila ba ne, ba na masallaci ko coci ba ne, kuma a Jos musamman in muka yarda wannan ma aka raba shi biyu to ban san abin da ya rage mana ba.

Babana Allah ya jiƙansa ɗan Mighty Jets ta nan Jos ne na gani kasheni. Ni ban ga zamaninsu ba, labari na sha, amma na sha shi har na haddace. Alhaji Isiyaku Ibrahim ne ya kafa kulob ɗin da kuɗin aljihunsa, kuma da aka fara gasar lig ta ƙasa a 1972 su suka fara cin ta, kafin Rangers, kafin Shooting Stars, Enyimba ma ba a kafa ta ba a lokacin. Yau ka tare yaro ɗan Jos ka tambaye shi wa ya fara cin lig a Najeriya, da ƙyar ya sani, amma tambaye shi wa ya ci Firimiyar Ingila shekara goma baya sai ya jero maka har da mai tsaron gida. In Baba ya fara lissafa 'yan wasan Jets sai ka ji Sam Garba Okoye, ka ji Ismaila Mabo, ka ji 'yan gidan Atuegbu, ka ji Baba Otu Mohammed. Ka dubi sunan Sam Garba Okoye kawai, mutum ɗaya ga Garba ga Okoye, Jos ɗin da aka sani ke nan. Baba bai taɓa ce min wane Kirista ne wane Musulmi ne a cikinsu ba, abin da yake cewa kawai wane yana da yanka, wane in ya buga ƙwallo gola sai ya yi addu'a. Kuma duk ranar da ya tuno fainal ɗin Challenge Cup na 1972 da Bendel Insurance, wanda aka yi canjaras a Legas aka sake bugawa a Ibadan Jets ta sha kashi 3-2, sai ka ga fuskarsa ta canja kamar jiya aka yi. Jos ta yi ta zuwa fainal tana dawowa hannu rabbana har mutane suka fara cewa baki aka yi mana, sai a 1999 Plateau United ta doke Iwuanyanwu Nationale 1-0 ta kawo kofin gida. Baba ɗan Jets ne fa, amma a daren nan shi ya fi kowa murna a layinmu, ya ce kofi dai ya hau dutse, Jos ce ta ci.

Bayan shekara biyu da wannan aka yi rikicin Satumban 2001, sannan na 2008, sannan na 2010, ba sai na tsaya ba da labari ba kowa ya san abin da ya gani. Gari ya tsage. Wanda ke zaune a unguwar da ba ta mutanensa ba ya sayar da gida ko ya gudu ya bar shi, babbar kasuwar Terminus da ke haɗa kowa ta ƙone a 2002, makarantu suka rabu, har wajen sayen nama da kayan miya kowa ya san inda zai je da inda ba zai je ba. Yaron nan da ya ce min ba namu ba ne, a cikin wannan rabuwar aka haife shi, bai taɓa ganin wata Jos ba sai wannan. To ina yaro irinsa zai zauna kafaɗa da kafaɗa da sa'ansa na Kabong ko Angwan Rukuba ko Tudun Wada har na awa biyu, suna son abu ɗaya, suna jin tsoron abu ɗaya? Na duba na duba ban ga wuri ba sai filin ƙwallo.

Watan Satumba na 2017 ina filin wasa na Rwang Pam ranar wasan ƙarshe na kaka, Plateau United da Rangers, kulob ɗin MFM na Legas na biye da mu a teburi, dole sai mun ci hankali zai kwanta. Tun kafin azahar aka fara layi, fili ya cika maƙil har kan katanga, rana ta buga mu, daga baya iska mai sanyi ta taso. Kusa da ni wani bawan Allah ne babba da sarƙar kuros a wuya, ni kuma da hulata zanna bukar, tun da aka fara wasa ba mu ce wa juna uffan ba, kowa ya ƙura wa fili ido. Da ƙwallon farko ta shiga raga ban san lokacin da mutumin nan ya rungume ni ya ɗaga ni sama ba, hulata ta faɗi ƙasa aka tattake ta, shi ya sunkuya cikin turmutsitsin nan ya ɗauko ya kakkaɓe ta da hannunsa ya ɗora min a ka yana cewa "yi haƙuri ɗan'uwana, yi haƙuri." Aka tashi 2-0, Kennedy Boboye da yaransa suka ɗauki lig, karo na farko a tarihin kulob ɗin, shekara 45 bayan na Mighty Jets. Da muna fita ya raba min rake ya gaya min unguwarsu, unguwa ce da na yi fiye da shekara goma ban taka ta ba. Ban san sunansa ba har yau. In wani ya zo ya ce min abin da na ji a ranar nan ba nawa ba ne, to na wane ne?

Sannan maganar kuɗi ma. Plateau United ta gwamnatin jihar Filato ce, da kuɗin jiha ake biyan 'yan wasa da koci da man mota. Mai tumatir a Farin Gada yana biyan haraji, mai katako a Katako yana biya, mai keke napep kullum sai ya yanki tikiti, 'yan tireda da 'yan taya duk ana karɓa a hannunsu. Kuɗinka na ciki amma ka ce abin ba naka ba ne, ka bar wa wasu da bakinka, gobe kuma ka zo kana kukan ana ware ka. Kowa ya bar gida ai gida ya bar shi.

Kar wani ya ɗauka ƙin Pillars nake yi, ko kaɗan. Sai Masu Gida, kamar yadda ake yi musu kirari, sun ci lig sau huɗu, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, uku a jere, a 2009 sun fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka har suka kai wasan kusa da na ƙarshe, sun yi wajen shekara 12 ba a doke su a gida a lig ba sai da Nasarawa United ta je ta karya abin a 2015. Rabi'u Ali Pele kuwa duk mai son ƙwallo dole ya sara masa, mutum ya daɗe haka yana bugawa kulob ɗaya kuma har yanzu in aka samu bugun tazara gaban golan kowa faɗuwa yake. Amma mu tambayi kanmu, me ya sa Pillars ta zama Pillars? Kanawa ne suka riƙe abinsu. Ko da ta faɗa ƙaramin rukuni a 2022 ba su watse ba, shekara ɗaya ta dawo. Kuma su Kanawan ba su taɓa cewa sai Bahaushe zai sa musu jesi ba, Theophilus Afelokhai ya daɗe yana tsare musu gida, Junior Lokosa ya zuba musu ƙwallo 19 a 2018, marigayi Chinedu Udoji da ya rasu a hatsarin mota a Kano a 2018 ɗin Kanawa sun yi kukansa kamar ɗan Ƙofar Mata. Mu ma nan Abdu Maikaba mutumin Kano ne kuma ya horar da Plateau United, shi ke riƙe da ita a 2020 lokacin da muke saman teburi korona ta zo aka tsayar da lig ba a ba kowa kofi ba, abin da har yau in na tuna sai na ji ɗaci. To in koyi za mu yi da Kanawa, ai koyin shi ne mu riƙe namu yadda suka riƙe nasu, ba mu je mu raɓe a inuwar wasu ba.

Ni hamayyar da nake so ke nan ma. Ranar da Pillars za ta zo Jos gari ya ɗauka tun Juma'a, motocin Kano su shigo da ganguna, mu tare su da namu, a yi ta zolaya, kawuna na Fagge ya kira ni a waya ya ce ɗana ku shirya kuka, in ce Kawu a hau dutse dai a gani. Haka in Wikki ta taso daga Bauchi, tafiyar da ba ta fi awa biyu ba, ko Nasarawa United daga Lafiya, ko Lobi daga Makurɗi, su biyun nan da jiha ɗaya muke da su zamanin Benuwai-Filato. Wannan hamayyar tana da daɗi don ka san mutanen, ka ci abinci a gidajensu, kana auren 'yarsu ko suna auren taka. Shi kuwa ɗan Liverpool da ɗan Everton abin da ke tsakaninsu nasu ne, unguwanninsu ne, kakanninsu ne, mu aro muke yi, shi ya sa sai ka ga an fasa wa mutum kai a gidan kallo a kan garin da ba zai iya nuna shi a taswira ba.

Yanzu bari in faɗi ɗaya ɓangaren don ruwa ba ya tsami banza, waɗanda suka guje wa lig ɗin nan ba mahaukata ba ne. Babbar cutar ita ce wannan aƙida ta cewa mai gida dole ya ci. Shekara da shekaru ka duba teburi sai ka ga kulob ya cinye kusan duk wasanninsa na gida amma a waje ko maki biyar da ƙyar, to wace irin ƙwallo ce wannan da iyawa ke ƙarewa a bakin iyakar jiha? Na taɓa bin motar magoya baya zuwa wani gari wasan waje, ana canjaras har minti 90, rafali ya ƙara lokaci aka yi ta bugawa ana bugawa kamar ba za a tashi ba har sai da aka samo fenariti daga inda babu, da muka yi ihu sai ruwan duwatsu da fiya wata, wani dattijo a cikinmu dutse ya same shi a goshi jini ya wanke masa farar riga, muka kwanta a ƙasan mota har muka bar garin. A hanya ba wanda ya yi magana sai can wani ya ce su ma za su zo Jos ai. Kalmar nan ta fi dutsen tayar min da hankali, don na san gaskiya ya faɗa, mu ma muna da masu yin haka, na sha ganin matasa a bayan raga suna zagin lasman suna nuna masa alamar yanka a wuya. Laifi tudu ne. Rafalin da ya san in mai gida bai ci ba ba zai fita da ƙafarsa ba, kuma 'yan sandan da ke filin ba su kai a ƙirga ba, me kake so ya hura?

Ga kuma abin kunyar 2013 da duniya ta yi mana dariya, ƙaramin kulob na Plateau United Feeders wai ya ci Akurba 79-0, Police Machine kuma ta ci Babayaro 67-0 a rana ɗaya don neman hawa rukuni, sunan jiharmu na ciki kuma ba zan ɓoye ba. Ga Giwa FC ta nan Jos da aka kora daga lig a 2016. Ga bashin albashi da 'yan wasa ke bin kulob-kulob na gwamnati wata da watanni, mutum yana da iyali yana buga wasa da yunwa, sannan a ce don me ya gudu Tanzaniya ko Sudan ko wata ƙaramar lig a Turai. Ga hanya, kulob 20 wasa 38 kusan duk a mota, daga Maiduguri zuwa Uyo, daga Jos zuwa Fatakwal, a 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyarsu ta zuwa Owerri suka raunata 'yan wasa, a 2021 motar Wikki ta ƙone ƙurmus nan Hawan Kibo, Allah ya kiyaye rayuka. Ga sitadiyam ɗinmu na Zaria Road da aka yi shekara da shekaru ana gini, har ta kai a 2022 da muka haɗu da Esperance ta Tunisiya sai Abuja aka kai wasan, muka ci su 2-1 a can, suka ci 1-0 a gidansu suka fitar da mu da ƙwallon waje. Da a Jos aka buga wasan nan cikin sanyinmu da ihunmu, ni dai zuciyata tana gaya min da labarin ya canja.

Duk na yarda da waɗannan. Inda na rabu da masu cewa a bar lig ɗin ya mutu shi ne, wa ke zama a filin in mutanen kirki suka ƙaurace? 'Yan sara-suka da masu shaye-shaye su ke cike gurbin, su zama su ne magoya baya, su ne masu faɗa a ji a bakin get. Ranar da fili ya cika da magidanta da 'ya'yansu da malaman makaranta da 'yan kasuwa da mata, mai jifa kunya yake ji, kuma ana iya nuna shi a kama shi. Gwamna ma ba ya sakin kuɗi a kan abin da ya ga ba kowa a kai. Kuma abubuwa suna ɗan motsawa, ana samun cin wasan waje fiye da da, ana nuna wasu wasannin a talabijin da waya don haka rafali ya san ana ganinsa, Rangers ta ɗauka a 2024, a 2025 kuma Remo Stars ta Ikenne ta ɗauka, kulob ɗin mutum ɗaya ne Kunle Soname ba na gwamnati ba, ya gina filinsa da makarantar yara. Abin da Alhaji Isiyaku ya yi ke nan a Jos fiye da shekara 50 baya. Masu kuɗin garin nan suna ina? Mighty Jets tana nan ta daɗe a ƙaramin rukuni tana fama, in da za a tallafa mata ta hau a riƙa yin wasan hamayya na cikin gari ai da Jos ta ga biki, da sharaɗin kar a mai da ɗaya ta Musulmi ɗaya ta Kirista, don in haka za a yi gara kar ta hau.

Abin da ke ƙara ba ni takaici, garin nan fa ƙwallo a jininsa take. A gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha kyaftin ɗin Najeriya Mikel Obi ɗan Jos ne, daga Plateau United ya tafi Norway kafin Chelsea. Wanda ya ci Iceland ƙwallo biyu Ahmed Musa ɗan Jos ne, ya buga wa kulob ɗin JUTH na nan Jos kafin ya tafi Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2010 Turawa suka ɗauke shi. Moses Simon ma a Jos aka haife shi. Waɗannan yaran a filayen ƙurar nan suka taso, wasu daga cikinmu sun wuce su suna atisaye ba su ko waiwaya ba, sai da Bature ya sa musu jesi sannan muka fara biyan kuɗin gidan kallo don mu gan su. Shi Ahmed Musa da kansa ya dawo ya buga lig ɗin gida a 2021 ya sake dawowa a 2024, mutumin da ya buga Firimiya da Leicester bai raina filayenmu ba, sai mu da ko Legas wasunmu ba su taɓa zuwa ba.

Ban ce kowa ya bar kallon Turai ba, ni ma ina kallo, ƙwallonsu akwai kyau ba ƙarya. Kuma su masu shirya lig ya kamata su duba wannan ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi da ke cin karo da manyan wasannin Ingila, ko a riƙa kai wasu Asabar ko Juma'a da yamma, tun da yawancin filayenmu ba fitilar da za a buga da dare. Amma wasan gida 19 ne kacal a kaka, kusan sau biyu a wata, kuɗin shiga ɓangaren talakawa bai kai abin da muke kashewa a data cikin kwana biyu ba, kuma daga Farin Gada taku kaɗan ne.

Jiya da yamma na sake haɗuwa da yaron a bakin shagon yayansa, na ce masa ƙanena ranar Lahadi ka yi la'asar da wuri ka jira ni a Farin Gada, ni zan biya maka tikiti, in ba ka ji daɗi ba kar ka sake zuwa. Ya ɗan yi shiru ya ce "Yaya ba a faɗa dai ko? Don Umma ba za ta bari ba." Na ce zan je in gaishe da Umma da kaina in roƙe ta. Sai ya ce to in ya zo wane kala zai sa, na ce ina da tsohuwar jesin 2017 a akwati, ta ɗan koɗe amma za ta yi masa daidai.